Na ajiye aiki ana saura kwana biyu kwamiti ya zauna

Shekara tara na yi ina aikin banki a Kano. Da kashiya na fara, ina zaune bayan gilashi ina ƙirga kuɗin mutane, har Allah ya kai ni na zama shugaban kashiyoyin reshenmu. Yau in aka tambaye ni abin da ya raba ni da aikin, amsar da bakina ya saba da ita ita ce na gaji ne na koma kasuwa. Gaskiyar magana, na ajiye aiki ne ana saura kwana biyu in gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, kuma ban taɓa ba da labarin tiryan-tiryan ba sai yau. Ba zan faɗi sunan bankin ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba.

Wanda ya ga farkon 2023 a ƙasar nan ba sai an tuna masa wahalar canjin kuɗi ba. A Oktoban 2022 Babban Banki ya ce zai sauya fasalin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu ɗaya. Sababbin suka fito a tsakiyar Disamba, aka sa 31 ga Janairu a matsayin ranar da tsofaffin za su daina karɓuwa, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Jama'a suka kwaso tsofaffin kuɗinsu a buhuna suka jibge mana, sababbin da za mu ba su kuma babu. Tun kafin a kira sallar Asuba layi ya kama a ƙofarmu, wani da tabarmarsa, wani da butarsa, ana rubuta wa mutane lamba a guntun kwali. Da muka ji ana ƙona bankuna a wasu garuruwan Kudu, sai muka daina ɗaura laƙatayi, katin shaidar aiki ma a aljihu muke cusa shi sai mun shige ta ƙofar baya. A unguwarmu kuwa kallon ɓarawo ake yi wa duk ma'aikacin banki, domin mai POS na cajin dubu biyu a kan dubu goma, kuma kowa ya san ba daga sama kuɗin ke faɗo masa ba.

A farkon Fabrairu umarni ya zo cewa a riƙa biyan sababbin kuɗi a kan kanta, amma kada mutum ɗaya ya wuce ₦20,000 a rana. Mu kam sau da yawa ko hakan ba ma iya kaiwa. Wata rana dubu biyar-biyar muke rabawa, kafin Azahar an share.

Laifina biyu ne, kuma gara in fara da su kafin in taɓa na wani.

Na farko, wani dattijo maƙwabcinmu, wanda tun ina yaro nake gaishe shi a durƙushe, ya zo ya same ni wata Talata. 'Yarsa na asibiti za a yi mata aiki a ciro jariri, an rubuta magunguna da kayan aiki, mai kemis ya ce shi fa ba ya karɓar tiransifa don tun safe kuɗi ba sa shiga. Kuɗin dattijon ne, a asusunsa suke, guminsa ne na sayar da hula a kasuwa. Ya tsaya a gabana hannunsa na rawa yana cewa, "Ɗan nan, ka rufa min asiri." Na sa aka biya shi ₦60,000, ni na amince da biyan da lambata. Na san na karya umarni a lokacin da nake yi. Har yau ban iya jin nadamarsa ba, ko da na matsa wa kaina.

Na biyu shi ne wanda ya kashe ni. A tsarin aikinmu, in biya ya wuce iyakar da aka yanka wa kashiya, sai wani na sama da shi ya shiga kwamfuta da lambar sirrinsa ya amince. Doka ta ce ko uwarka ba ka ba ta wannan lamba. Amma ranar Juma'a in zan tafi masallaci, ko an tura ni ɗauko kuɗi, nakan bar wa mataimakin manaja lambata don kada layi ya tsaya. Shekaru muna haka, kowa a reshen ya sani, har masu binciken cikin gida ma sun sani sun kau da kai. Abin da ba ya ɓaci sai ka manta haramun ne.

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu masu bincike suka sauka daga hedikwata. Kwana uku suka yi a ƙaramin ofis na bene da ƙofa a rufe. Ranar Litinin 6 ga Maris aka miƙo min ambulan. Takardar tuhuma ce, an ba ni awa 24 in yi bayanin dalilin da zai hana a ladabtar da ni. A bayanta an maƙala jerin biya goma sha bakwai da suka wuce ƙa'ida, duk da lambata aka amince da su. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya na gane, na dattijon nan. Sauran sha shida kuɗaɗe ne masu nauyi, rafa-rafa, zuwa ga asusun mutum uku waɗanda duk masu POS ne. Na duba lokutan. Galibinsu ranar Juma'a ne tsakanin ƙarfe ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, lokacin ina sahu.

Ko sisin banki bai ɓata ba, kowane biya daga asusun mai shi ya fita. Zargin shi ne ana sayar da sababbin kuɗi ta bayan fage ana karɓar la'ada, a daidai lokacin da EFCC da ICPC ke zagaya bankuna suna kama jami'ai a kan irin wannan. Abin takaici kuma, kwana uku kafin a ba ni takardar, a ranar 3 ga Maris, Kotun Ƙoli ta riga ta yanke cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Wato tsofaffin da muka sha wahalar tattarawa su ne za a dawo a riƙa biyan mutane da su. Amma ita tuhuma ba ruwanta da wannan.

Na ba da amsa gajeriya: na amsa na dattijon, na ce sauran ba ni na yi ba. Ban ce komai a kan lambar sirri ba. Washegari aka dakatar da ni, aka karɓi makullaina da katina, aka ce kwamiti zai zauna ranar Laraba 22 ga wata. Mai gadin da kullum ke sara min ya buɗe ƙofa yana kallon ƙasa.

Sati biyun nan ba na fata ko maƙiyina ya ɗanɗana su. Kwana huɗu na farko ban gaya wa kowa ba. Ina yin wanka da safe, in sa kaya, in ɗauki mota in tafi in faka a gindin wata bishiya can wajen gari, in zauna har La'asar. A nan na rubuta cikakken bayanin da zan karanta wa kwamiti, shafi huɗu, a kan sitiyari. Na jera ranaku da lokuta, na nemi a duba kyamarar tsaro a ga wa ke zaune a kujerata a waɗannan lokutan. Na kuma rubuta wani abu da na ji da kunnena: wata ranar Alhamis ina fitowa daga ɗakin ajiyar kuɗi na ji mataimakin manaja yana ce wa ƙaramin kashiyanmu, "Ka biya shi kawai, an yi magana daga sama." Yaron nan ma'aikacin kwantiragi ne, ba bankin ya ɗauke shi kai tsaye ba, wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya kawo shi, albashinsa bai kai rabin na takwaransa na dindindin ba. Duk biya sha shidan nan ta tagarsa suka fita.

To amma ga tarkon. In na ce ba ni na danna ba, dole in faɗi yadda aka yi wani ya san lambata, kuma wannan kaɗai ya isa kora a littafin dokokin ma'aikata. In na yi shiru kuma, na ɗauki sha bakwai ɗin duka a kaina. Gaba kura, baya sayaki.

A dare na biyar uwargida ta ajiye min tuwo, ta zauna ta zuba min ido, sannan ta ce, "Abbansu, yau kwana nawa rabon da in ga katin nan a wuyanka?" Sai na fashe mata da komai. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe shiru, sannan ta tambaye ni ko an biya kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa. Na ce ba a biya ba. Ta ce to.

Ana saura mako guda manajan reshe ya kira ni. Bai ce in zo ofis ba, cewa ya yi mu haɗu bayan Isha'i, kuma a cikin motarsa muka yi maganar, injin na kunne. Ya fara da yabo, ya ce shekara tara bai taɓa jin an kuka da ni ba. Sannan ya ce, "Malam, shawara zan ba ka ta ɗan'uwa. Ka rubuta takarda ka ajiye, mu rabu lafiya. Ni zan tsaya a karɓa ba wata hayaniya. In ka bari mutanen nan suka zauna, kora ce, ka kuma san inda sunanka zai je." Na sani kuwa. Ma'aikacin banki da aka kora a kan zamba ko rashin amana, ana aika sunansa Babban Banki, kuma kowane banki sai ya bincika can kafin ya ɗauki mutum. In sunanka ya shiga wannan baƙin kundi, kai da aikin banki sai a mafarki. Na tambaye shi, "Yallaɓai, shi wanda ya danna fa?" Ya ce in bar wannan maganar, kowa ya ji da kansa.

Washegari na je wurin wani abokina lauya da muka yi sakandare tare. Ya saurare ni har na gama, tambayarsa ta farko ita ce, "Alƙawarin nan a rubuce ya ba ka?" Na ce a mota ne. Ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ce in sani, a yadda kotunan ƙasar nan suka sha yankewa, ajiye aiki haƙƙin ma'aikaci ne, da zarar takarda ta isa hannun mai aiki ba shi da ikon cewa bai karɓa ba, kuma wanda ya riga ya bar aiki ba a bin sa da takardar kora. Wannan shi ne alherin. Sai dai ajiye aiki ba ya hana su miƙa maganar ga 'yan sanda ko EFCC in sun ga dama, ba ya kuma goge tuhuma daga fayil, sai ma ya bar ta a tsaye ba amsa. Ya ƙara da cewa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano, tana iya ɗaukar murabus ɗin da aka tilasta wa mutum a matsayin kora ce aka yi wa kwaskwarima, amma sai da hujja, kuma hira a cikin mota da daddare ba hujja ba ce mai ƙwari. Shawararsa ita ce in je gaban kwamitin in faɗi gaskiya duka, har da ta lambar sirri, mai yiwuwa a tsaya a gargaɗi ko sallama ta lalama tunda ba kuɗi na ci ba. In kuma na dage sai na ajiye, to in haɗa shafi huɗun nan da takardar, a buga min hatimin karɓa a kwafina.

A gidanmu ra'ayi ya rabu. Yayana, wanda ke Kantin Kwari, cewa ya yi, "Ka tsira da mutuncinka kawai. Ka taɓa ganin inda ƙaramin ma'aikaci ya ja da manya ya yi nasara? Ka je ka tona musu asiri su haɗa ka da hukuma, mu ne za mu sha zirga-zirgar beli." Hajiya kuwa tana kan dardumarta ta ɗago ta ce, "Ka ci kuɗin mutane?" Na ce, "Wallahi Hajiya ban ci ba." Ta ce, "To me kake gudu?" Ban ba ta amsa ba, Yaya ne ya karɓe zancen ya ce ita ba ta san halin aikin zamani ba. Na yi Istihara dare biyu a jere, amma in zan faɗi tsakani da Allah, zuciyata ta riga ta yanke kafin in ɗaura niyya. Tsoro nake ji. Ina hango kaina a bayan mota da ankwa, ana ɗaukar hotona, yarana suna gani a wayar maƙwabta.

Ranar Litinin 20 ga Maris na kai takardar. Layi uku ce: ina sanar da ajiye aikina daga yau, a cire albashin wata ɗaya a madadin notis kamar yadda takardar ɗaukata ta tanada, na gode da damar da aka ba ni. Shafi huɗun suna cikin aljihun rigata, na ji tudunsu a ƙirjina lokacin da nake miƙa ambulan. Ban fito da su ba. Manaja ya miƙo min hannu, ya ce na yi tunani irin na manya. Da zan fita na hango yaron nan a tagarsa yana ƙirga tsofaffin 'yan ɗari biyar da aka dawo da su. Ya ɗago ya ce, "Oga, an dawo ne?" Na ce masa a'a, na zo ɗaukar wani abu ne.

Ranar Alhamis aka ɗauki azumi. Ba a kira ni ko'ina ba, ba wanda ya zo da ankwa, kuma kwanakin farko na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Sai lissafi ya fara biyo baya. Bashin ma'aikata da na ci na gyara gida, wanda ake cira kaɗan-kaɗan a albashi, ya zama wajibi a biya shi gaba ɗaya, aka zaftare shi daga ɗan abin da ya rage min. Katin asibiti na inshorar lafiya kuma a gaban kanta na gano an rufe shi, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ƙaramar 'yata. Kayan Sallar yara a waccan shekarar Yaya ne ya ɗinka, ya aiko da su ta hannun uwargida don kada in ji nauyi, na kuwa ji.

Amsar hedikwata ba ta zo ba sai bayan mako shida. An karɓi murabus ɗina, amma an ƙara jimla ɗaya a ƙasa: an lura cewa na bar aiki ne alhali ana kan bincike a kaina. Na kira manaja, ya ce ai wannan salon rubutunsu ne kawai, kada in damu. Bayan wannan bai ƙara ɗaga wayata ba. Ita wannan takarda ita na kai kamfanin fanshona, domin dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba, in ya rabu da aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, ya ciri kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Kafin kuɗin su fito an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, lita ta haura ₦500, na sayar da motar. Sau ɗaya na nemi aiki a wani ƙaramin banki, na ci jarrabawa, na ci ganawa, har an yi min maganar albashi. Suka ce saura su tuntuɓi tsohon wurin aikina. Daga nan shiru kake ji.

Yanzu ina Dawanau, ina riƙe wa wani Alhaji mai harkar riɗi da zoɓo littattafan lissafi. Alhamdulillahi, ana ci ana sha, yara suna makaranta. Dattijon nan har gobe bai san ₦60,000 ɗinsa na cikin jerin ba, ba kuma zai ji daga bakina ba. Jikar tasa ta yi wayo, in na wuce ƙofar gidansu takan biyo ni da gudu tana neman alawa.

Abin da ya faru a zaman kwamitin kuwa sai bayan watanni na ji daga bakin wata tsohuwar abokiyar aiki. Sun zauna ranar Larabar kamar yadda aka tsara. Tunda mai lambar ya ajiye aiki, aka ɗauka ya amsa laifinsa, ba wanda ya nemi a buɗe kyamara. Mataimakin manaja ya ce shi bai san komai ba, daga baya aka yi masa canjin reshe. Yaron ya rantse cewa umarni aka ba shi, aka ce ya kawo shaida. Mutum ɗaya ne ya ji lokacin da aka ba shi umarnin, shi kuma yana gida yana barci. Ba a ma wahalar da kai wajen korarsa ba, kamfanin da ya kawo shi aka rubuta wa cewa ba a bukatarsa kuma. Lokacin saura wata biyu bikinsa.

Duk tsawon sati biyun da na yi ina auna riba da asara, da lauya, da Yaya, da Hajiya, ko sau ɗaya ban sa yaron nan a ma'auni ba. Na rubuta sunansa a shafi na uku, na ninke na sa a aljihu.

Kwanakin baya ina dawowa daga kasuwa na sauka a Kurna zan ciri kuɗin cefane. Na nufi wata lema, na miƙa kati ban ko dubi fuskar mai ita ba, na ce dubu goma. Hannun na fara ganewa, yadda ya lanƙwasa kuɗin a tsakanin yatsu yana zare su da babban yatsa, irin ƙirgar da ni na koya masa a makonsa na farko. Ya miƙe tsaye da sauri ya ce, "Oga! Ashe rai kan ga rai?" Ya jawo min bencinsa, ya tambayi Hajiya, ya tambayi yara. Ya ce an ɗaga bikin amma an yi daga baya, har sun sami ɗa namiji. Ya ce ya ji abin da aka yi min, Allah ya isar mana gaba ɗaya, shi ya san ba ni da hannu. Na ce amin. Na zaro ɗari biyu zan ba shi na caji, ya rantse ba zai karɓa ba, na rantse sai ya karɓa, muka yi ta ja har wata mata da ke jira ta ce in mun gama zumuncin a sallame ta. Na ajiye masa a kan teburin na danne da na'urar.

Ya ba ni lambarsa ya ce in riƙa leƙo shi. Shafi huɗun suna nan cikin jakar takardun gida, tare da takardun haihuwar yara. Na fito da su daren jiya na sake karantawa, na sa su a aljihun rigar da zan sa ranar Asabar, don ya ce ranar ba ya buɗewa sai bayan Azahar, yana gida da safe.